Hatimi da Manzo: Abin da Bitar Gane Saƙon Damfara Ba Ta Koyarwa

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. An yi ta muhawara a kan siyasar hukuncin, aiwatar da shi kuma yana tafiyar hawainiya, amma akwai wani gefe nasa da ba a cika waiwaya ba. Duk inda kuɗi suka nufa, ɓarawo yana biye da sawunsu. Ranar da kason wata ya fara sauka kai tsaye a asusun ƙaramar hukuma irin Kebbe, can ƙarshen kudancin Jihar Sakkwato, ko maƙwabciyarta Tambuwal, mutane ƙalilan da ke da ikon sa hannu a kan wannan asusu sun zama abin farauta. Mai farautar kuwa ba ya buƙatar biyo titin Sakkwato zuwa Jega. Lambar waya ko adireshin imel ya ishe shi.

Maganin da aka saba kawowa shi ne taron bita. Bankuna suna yi, ƙungiyoyin agaji suna yi, ma'aikatun gwamnati ma sun fara. A tara ma'aikata a zaure, a haska musu hotunan saƙonnin bogi a bango, a ce su lura da gurɓataccen Turanci da adireshin da bai yi kama da na gaskiya ba, a raba takardar shaida da ɗan alawus, a watse sai wata shekara. Bita irin wannan ba ta rasa amfani, sai dai an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Ta dogara ne kacokan a kan kaifin idon ma'aikaci ɗaya, a daidai lokacin da ya gaji ko yake sauri. Abin da ke tsare dukiyar ofis ƙa'ida ce ta tabbatar da saƙo, wadda ba ta damu da ko idon ya gani ko bai gani ba. Ƙasar Sakkwato kuwa ta san wannan ƙa'ida tun kafin a ƙera kwamfuta.

Yadda fatsar take

Turawa suna kiran wannan damfara fishin, sunan da suka ciro daga kamun kifi da fatsa. Ya fara yaɗuwa a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da ake yaudarar masu amfani da kamfanin AOL a Amurka su ba da kalmar sirrinsu. Kwatancen ya dace. Masunci ba ya bin kifi da gudu. Yakan maƙala wa ƙugiya abincin da kifin ke so, ya jefa, ya jira. Abincin da ake maƙala wa ma'aikaci iri uku ne: tsoro, kamar a ce za a rufe asusunsa ko a cire sunansa daga jadawalin albashi in bai sabunta bayanansa ba, kwaɗayi, kamar sanarwar ƙarin girma, tallafi ko gurbin ɗaukar aiki, sai biyayya, wato umarni da sunan shugaba. Dukansu ana jiƙa su da gaggawa, domin wanda aka ba shi awa guda ba ya samun sukunin tambaya.

Shari'ar Obinwanne Okeke ta nuna yadda abin yake gudana daga farko har ƙarshe. Okeke ɗan kasuwa ne ɗan Najeriya wanda mujallar Forbes Africa ta saka cikin fitattun matasa a 2016. A watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, wanda ke dillancin manyan injinan Caterpillar daga Ingila, ya samu imel ɗauke da mahaɗi zuwa wani shafi mai kama da na shiga Microsoft Office 365. Ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. Shafin na bogi ne. Cikin makonni biyu da suka biyo baya, bisa bayanin hukumar FBI, an shiga akwatin imel ɗinsa sau 464, akasari daga Najeriya. Daga cikin akwatin aka riƙa tura wa ma'aikatan sashen kuɗi umarnin biya da takardun cinikin jabu, su kuwa suka biya kusan dala miliyan 11. An kama Okeke a Amurka a 2019, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a Fabrairun 2021.

Abin lura a nan shi ne halin da ƙananan ma'aikatan suka samu kansu. Saƙonnin da suka iso musu sun fito ne daga ainihin adireshin maigidansu, da sunansa, da tambarin kamfani. Babu harafin da ya karkace, babu alamar da bita ta koya musu nema. Mutum ɗaya ne ya haɗiye ƙugiya, amma kuɗin sun fita ne ta hannun waɗanda suka ga saƙo sahihi a ido suka yi biyayya. Da ɗayansu ya ɗaga waya ya kira maigidan, da zancen ya ƙare tun ranar farko.

Abin da bincike ya gano

An daɗe ana ɗauka cewa bita tana aiki, sai da aka auna. Masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurik, a ƙasar Suwizalan, sun bi ma'aikata fiye da 14,000 na wani babban kamfani tsawon wata 15, suka gabatar da sakamakon a 2022. Sun gano cewa darasin da ake nuna wa ma'aikaci nan take bayan ya faɗa tarkon gwaji bai ƙara masa kariya ba, wasu ma ya sa sun saki jiki. Wani binciken da aka yi a asibitocin Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, aka fitar a 2025, ya shafi ma'aikata fiye da 19,500 cikin wata 8. Ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin wanda ya yi bitar shekara-shekara kwanan nan da wanda bai yi ba. Darasin nan-take kuwa ya rage faɗawa tarko da ƙasa da kashi 2 cikin 100. Yawancin ma'aikatan ba su kai minti ɗaya a kan shafin darasin ba, kuma kafin ƙarshen wata na takwas fiye da rabinsu sun latsa mahaɗin bogi aƙalla sau ɗaya.

Akwai wani adadi a binciken na San Diyego da ya fi sauran ba da haske. Saƙon gwaji da ya nemi a sabunta kalmar sirri ya kama ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ma'aikata. Wanda ya yi maganar sauyi a tsarin hutun ma'aikata ya kama fiye da kashi 30. Mutanen dai su ne, iliminsu bai canja ba. Abincin da ke bakin ƙugiya ne ya canja. A sakatariyar Kebbe ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san wane saƙo ne zai yi irin wannan kamu: tantance ma'aikata, bashin albashi, kuɗin sallama na masu ritaya, jerin sunayen ƙarin girma. Malamin firamare a Kuchi ko ma'aikaciyar lafiya a Margai da ta ga saƙo cewa yau ne ƙarshen wa'adin tantancewa, kuma duk wanda bai cika fom ba za a tsayar da albashinsa, ba wauta ce za ta sa ta latsa ba. Ta san cewa tantancewa ta gaskiya ma wani lokaci haka take zuwa, kwatsam, da wa'adi gajere.

Alamomin da bita ta dogara da su ma suna ƙarewa. Shekara da shekaru ana cewa a lura da karyayyen Turanci. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suka bazu daga ƙarshen 2022, ɗan damfara yana iya samar da wasiƙa mai tsabta cikin daƙiƙoƙi. Fuska da murya ma sun daina zama hujja. A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hon Kon ya samu saƙo da sunan babban jami'in kuɗi na kamfanin da ke Ingila. Ya yi shakka, sai aka gayyace shi taron bidiyo, ya ga fuskokin da ya sani, ya ji muryoyinsu. Dukansu haɗin kwamfuta ne. Ya tura kimanin dala miliyan 25. Shakkarsa ta farko daidai ce. Kuskuren shi ne ya bar wanda yake tuhuma ya zaɓa masa hanyar tabbatarwa.

Yadda magabata suka yi

Daular Sakkwato daula ce ta wasiƙa. Umarni yana fita daga fadar Sarkin Musulmi zuwa Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi har Adamawa, amsa tana dawowa, ofishin Waziri kuma shi ne cibiyar wannan zirga-zirga. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun samu tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassarar wasu daga ciki a 1927. Wasiƙar sarauta takan ɗauki hatimi, amma ba ta tafiya ita kaɗai. Manzo ne ke kai ta, mutum mai suna da asali, wanda fadar da aka aike shi ta san shi ko ta san ubangidansa, ana iya yi masa tambaya ya amsa, ana iya riƙe shi in zance ya saɓa. Hatimi shaida ɗaya ce, manzo shaida ta biyu, kuma ƙirƙirar ɗaya ba ya ba mutum ɗayar. Har yau haka tsarin yake a ƙasa: in takarda ta zo wa uban ƙasa da baƙon umarni a hannun baƙuwar fuska, ba ya aiwatarwa sai ya aika an jiyo masa.

Imel wasiƙa ce mai hatimi wadda ba ta da manzo. Tambari, suna, hoton da ke kan WhatsApp, salon gaisuwa, duk hatimi ne, kuma kwafarsu ba ta da wuya. Bita tana ƙoƙarin mai da kowane akawu gwanin tantance hatimi. Abin da ya fi sauƙi, ya kuma fi ƙarfi, shi ne a dawo da manzo: duk saƙon da ya nemi a biya kuɗi, a canja lambar asusun ɗan kwangila, a aika jerin sunayen ma'aikata da lambobin BVN ɗinsu, ko a shigar da kalmar sirri, ba a aiki da shi sai an tabbatar ta wata hanya dabam. Sharaɗin shi ne mai karɓar saƙon ne zai zaɓi hanyar. Zai kira lambar da ya daɗe da sani, ba wadda ke rubuce a ƙasan saƙon ba, ko ya taka ya je ofishin da ƙafarsa.

A nan ƙaramin gari ya fi babban kamfani gata. Ma'aikacin Arup yana Hon Kon, maigidansa yana Ingila. A Kebbe ko Tambuwal, ma'aji da daraktan ma'aikata da shugaban ƙaramar hukuma sun san juna, sun san iyayen juna, suna haɗuwa a wurin ɗaurin aure da jana'iza. Ɗan kwangilar da aka ce ya canja banki, akwai wanda ya san ƙofar gidansa. Hanyar tabbatarwa tana nan a buɗe, ba ta cin ko sisi. Abin da ke toshe ta wani abu ne dabam.

Nauyin baki

An tarbiyyantar da Bahaushe a kan cewa ba a mayar wa babba tambaya. Ƙaramin akanta da ya samu saƙo da sunan shugaba, cewa yana taro a Sakkwato, ba zai iya ɗaukar waya ba, a tura kaza zuwa asusu kaza kafin la'asar, yana tsakanin tsoro biyu. In ya biya, wataƙila damfara ce. In ya kira, wataƙila a ce masa, "Wato ba ka yarda da ni ba ke nan?" Tsoro na biyu ya fi kusa, ya fi tabbas, kuma shi ke rinjaye. Ɗan damfara ya san haka sarai, shi ya sa yake aro sunan manya. Kunya da girmama na gaba kyawawan ɗabi'u ne, amma a wannan gaɓa su ne ƙofar da ɓarawo ke bi.

Saboda haka gyaran ba daga ƙaramin ma'aikaci zai fara ba. Shugaba ne zai rubuta dokar, ya sa hannu, ya karanta ta a gaban kowa: babu biyan da za a yi bisa saƙon waya ko imel, ko daga wurinsa ya fito, sai an kira shi. In doka ce, kiran ya tashi daga rashin kunya ya koma cika aiki. Akanta zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, na ga saƙo da sunanka a kan biyan nan, na kira ne bisa ƙa'ida." Amsar da shugaba ya bayar a karon farko ita ce bitar gaskiya. In ya ce, "Madalla, Malam, haka nake so," duk ofis zai ji kafin a tashi. In ya yi tsaki, shi ke nan, babu mai sake kira. Haka kuma wajibi ne shugaba ya daina aika umarnin gaske ta hanyar da ɓarawo ke bi. Matuƙar ya saba turo lambar asusu ta WhatsApp da dare yana cewa a yi sauri, to ya riga ya koya wa ma'aikatansa yadda za su yi wa mai kwaikwayonsa biyayya.

WhatsApp ɗin ma yana buƙatar kulawa ta musamman, domin a ƙananan hukumomi shi ne ainihin akwatin wasiƙun ofis. Salon ƙwace shi ya zama ruwan dare a Arewa: a kira mutum da sallama da ladabi, a ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta ma'aikata ne, za a yi taro ta intanet, an turo masa lamba shida, ya karanto. Lambar nan ita ce mabuɗin asusunsa. Da ya faɗa, wani ya zama shi, ya shiga duk zaurukan da yake ciki yana neman rance da sunansa. Ƙa'idar a nan gajera ce: lambar da ta shigo waya, ta banki ce ko ta WhatsApp, ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake.

Wanda ya faɗa ya yi magana

Duk tsarin da aka yi, wata rana wani zai latsa. Abin da ke bambanta ƙaramar ɓarna da babba shi ne tsawon lokacin da ya wuce kafin a sani. In an sanar cikin mintuna, ana iya canja kalmar sirri, a kira banki ya yi ƙoƙarin tsayar da kuɗin kafin a rarraba su zuwa wasu asusu, a gargaɗi sauran ma'aikata. In ma'aikaci ya ɓoye kwana uku don tsoron a yi masa dariya ko a ba shi takardar tuhuma, sai dai a bi sawu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba hukumomi da kamfanoni awa 72 su sanar da hukumar da ke kula da wannan fanni in an yi kutsen da zai iya cutar da mutanen da bayanansu suka fita. Ofishin da ma'aikatansa ke ɓoye kuskure ba zai iya cika wannan wa'adi ba.

Wannan ne ya sa gwajin da ake yi don a kunyata ma'aikata yake mayar da hannun agogo baya. A Disambar 2020 kamfanin GoDaddy a Amurka ya tura wa ma'aikatansa imel na alƙawarin kyautar dala 650 ta ƙarshen shekara, ana tsakiyar ƙuncin annobar korona, daga baya aka ce musu gwaji ne, waɗanda suka cika fom sun faɗi. Sai da kamfanin ya ba da haƙuri. Binciken Zurik kuwa ya gano abin da ya yi aiki: da aka ba ma'aikata maɓallin kai rahoton saƙon da suke zargi, sun yi amfani da shi, kuma rahotanninsu sun taimaka wajen gano farmaki da wuri. A Kebbe maɓallin zai iya zama mutum ɗaya sananne da lambar waya ɗaya, tare da alƙawarin cewa wanda ya kawo kansa da wuri godiya zai samu. Doka tana nan ga mai laifin: Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyu, ga mai wannan damfara, hukumar EFCC kuma tana da ofishin shiyya a Sakkwato. Amma hukunci ba ya cika dawo da kuɗin da suka riga suka watse.

Akwai kuma abin da na'ura ke iya ɗauke wa mutum. Tabbatarwa mai mataki biyu, wadda Gmail da WhatsApp duk suke bayarwa kyauta, tana sa kalmar sirri ita kaɗai ta kasa buɗe ƙofa. Kamfanin Google ya bayyana a 2018 cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa fiye da 85,000 amfani da ɗan mabuɗin tsaro na hannu a farkon 2017, ba a samu wanda aka ƙwace wa asusun aiki ta wannan hanya ba. Ma'aikatan ba su fi na sauran wurare wayo ba. An dai cire nauyin daga idonsu. Haka nan, in wasiƙun hukuma suna fita daga adireshi mai ƙarewa da gov.ng, wanda hukumar NITDA ke kula da rajistarsa, maimakon akwatin Gmail na wani jami'i, saƙon da ya zo ta wata hanya zai zama baƙo da kansa.

Bitar da za ta amfani sakatariyar Kebbe, ko asibiti, ko ofishin ilimi a Tambuwal, ba ta buƙatar kwana uku a otal. Awa ɗaya ta isa, da Hausa, shugaba yana zaune a sahun gaba. A kunna wa kowa tabbatarwa mai mataki biyu a wayarsa kafin ya fita. A rubuta lambobin da za a kira a manna su a bango. A sa ƙaramin akawu ya gwada kiran shugaba a gaban jama'a, shugaba ya amsa masa da sakin fuska. Sannan a auna nasara da yawan waɗanda suka kira suka tambaya, ba da yawan takardun shaidar da aka raba ba. Kuɗin da ake magana a kansu albashin malamai ne, da maganin asibiti, da gyaran rijiyar burtsatse a Girkau ko Sangi. In suka fita ta ƙugiya, mutanen da ba su taɓa buɗe imel ba su ne za su biya. Matambayi ba ya ɓata, amma sai an ba shi izinin tambaya.